Kiwon Lafiyar Kare Da Kyanwa

Jama'a, a wannan fili namu mun saba yin zancen gero da dawa, da taki, da shanun huɗa, da awaki da kaji. Yau kuwa za mu juya ga waɗansu dabbobi biyu waɗanda ba ƙauyen da babu su, amma ba safai a kan sa su cikin lissafin dukiya ba, watau kare da kyanwa. Wani zai ce, ina ruwan filin noma da kare? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Manomin da ke kwana a gona sa'ad da masara ta nuna ya san amfanin kare, gama shi ke korar biri da rana, shi ke yi wa ɓarawo haushi da dare. Makiyayi ya san shi ke tashe shi in kura ko dila ta kewayo garke. Mafarauci kuwa ba sai an gaya masa ba. Haka nan ɗan kasuwa mai sito cike da buhunan gyaɗa ko wake ya san ranar kyanwa, don ɓera ba ya sakewa inda ta ke kwana. Malamai sun bayyana an yarda a ajiye kare don tsaron gona, ko kiwo, ko farauta, an kuma yi horo ƙwarai da a tausaya wa dabbar da ke hannun mutum, kada a bar ta da yunwa ko ƙishirwa.

Abin da mu ke so mu nuna yau shi ne, waɗannan ma'aikata biyu a cikinmu su ke zaune, suna cuɗanya da 'ya'yanmu da bisashenmu dare da rana. Saboda haka cutar da ta kama su ba ta tsayawa gare su kaɗai. Wanda ya kula da lafiyar karensa da kyanwarsa, lafiyar iyalinsa da ta garkensa ya kula.

HAUKAN KARE

Za mu fara da babbar cuta, wadda ita ce ta fi kowace haɗari, watau haukan kare. Ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba. Wata ƙwayar cuta ce ƙarama wadda ido ba ya gani, tana zaune cikin miyan dabbar da ta kamu. In karen ya ciji mutum, ko ya lashi wurin da ke da rauni, sai ƙwayar ta shiga. Daga nan ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar ta kan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma ta kan yi sauri ta isa cikin mako guda, ta kan kuma yi jinkiri har shekara. Cizon da ke kusa da kai, kamar a fuska ko wuya, shi ya fi saurin isa.

Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, an manta da zancen, ran nan sai yaro ya fara zazzaɓi da firgita, a miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya, maƙogwaro ya shaƙe. In an kai nan, sai dai addu'a, gama da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi bayan alamun sun bayyana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa kowace shekara saboda wannan cuta, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 100 da su ka kamu, har 99 daga kare su ka samu. Cikin kowane 10 kuma, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Yara su ke wasa da kwikwiyo, su ne gajeru waɗanda kare ke samu a fuska, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye.

YADDA A KE GANE SHI

Haukan kare iri biyu ne. Na farko shi ne wanda kowa ya sani. Halin karen ya sake, mai fara'a ya zama mai faɗa, muryarsa ta dushe, ya bar gida ya yi ta gudu ba ya san inda za shi ba, yana cizon duk abin da ya tarar, ko itace ko dutse, miyau na dalala.

Na biyu shi ya fi ruɗi, don karen ba ya faɗa. Sai ya nemi lungu ya kwanta, muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu cikin bakin don ya ciro. Jama'a, kada wanda ya kuskura ya yi haka. Wannan gargaɗi ya shafi makiyaya ma, gama kare mai hauka ya kan ciji sa, ko jaki, ko akuya, su ma su kamu. Saniyar da ke ta kuka ba dalili, miyau na zuba, ta kasa cin ciyawa, kada a sa mata hannu a baki. A kira malamin dabbobi. Kyanwa ita ma tana kamuwa, tana kuma ba mutum ta wurin cizo ko yaƙushi.

IN KARE YA CIJI MUTUM

Ga abin da za a yi, bi da bi. Ya kamata kowane mai gida ya karanta wa iyalinsa.

1. Nan take a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15 cur. A duba agogo, gama minti 15 ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Kowane irin sabulu ya yi, ko na wanki ne. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

2. In akwai aidin a gida a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa. Waɗansu su kan ƙona gashin karen su shafa a raunin. Wannan ba ya kashe ƙwayar cutar, sai ɓata lokaci. Kada kuma a ɗaure raunin tamau.

3. A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. A gaya wa likita gaskiyar yadda abin ya faru, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai fara allurar rigakafi, ya kuma faɗi ranakun da za a komo. Lalle ne a cika su duka. In raunin mai zurfi ne, akwai wata allura dabam da a ke yi a bakin raunin kansa. Ko kwanaki sun wuce kafin a sani, a tafi dai, muddin alamu ba su fito ba.

4. In karen na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a kulle shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa daga nesa. In ya cika kwana 10 lafiya lau, to, ba shi da cutar cikin miyansa ran da ya yi cizon. Amma fa ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a fara allura. A fara tukuna, likita shi zai ce a tsaya ko a ci gaba.

5. In dole ta sa an kashe karen, kada a farfasa kansa, kada a feɗe shi, kada a sayar wa masu cin nama. A sanar da ofishin dabbobi, su ne za su aika da kan a auna, gama cikin ƙwaƙwalwa a ke gane cutar.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta a 1885. Yaro ne ɗan shekara 9 wanda mahaukacin kare ya yayyage, ya kuwa rayu. Don tunawa da shi ne tun 2007 a ke keɓe ranar 28 ga Satumba kowace shekara, ranar da ya rasu, don wayar da kan mutane a kan haukan kare. A jihohi da dama a kan yi wa karnuka allura a wannan lokaci, wani sa'i kyauta. A riƙa sauraron sanarwa.

Ka'ida ita ce, kwikwiyo ko ɗan kyanwa in ya kai wata 3 a yi masa allurar farko, sa'an nan a maimaita kowace shekara. A karɓi takardar shaida a adana, don ran da kare ya ciji ɗan maƙwabci ita za ta raba gardama. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta ke aiki a can tun 1924, tana yin wannan allura ta karnuka a nan ƙasarmu. Ana samun ta a ofisoshin dabbobi na jiha, da asibitocin dabbobi na jami'o'i kamar na Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri. Amma a lura, maganin allurar ba ya son zafi, cikin firiji ko ƙanƙara a ke ajiye shi. Wanda aka shanya a tebur cikin rana a kasuwa ya riga ya lalace, ko da kwalbar sabuwa ce.

Masana sun auna sun ga in aka yi wa kare 7 cikin kowane 10 na gari allura, aka kuma riƙa maimaitawa, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa, sai ta mutu. Ta haka ƙasar Meziko ta rabu da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa kare ya daina ba mutum hauka a can. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 su ga bayan mutuwar mutane ta wannan hanya. Kada wani ya ce ba shi yiwuwa. Dattawanmu sun san yadda bushiya ta riƙa share garken shanu. Aka tashi babbar allura ta haɗin gwiwa a 1962 a Nijeriya, da Nijar, da Kamaru, da Chadi, aka yi ta fama shekara da shekaru, har aka yi shelar ƙarewar bushiya a duniya a 2011. Abin da ya yiwu ga shanu zai yiwu ga karnuka, in masu unguwanni da dagatai sun tsaya kowa ya kawo nasa.

Fataken da ke sayen karnuka ƙauye ƙauye suna kai wa kasuwannin nesa su ma su yi hattara. Karen da mai shi ya yi gaggawar rabuwa da shi da araha, a tambayi dalili.

CUTUTTUKAN KWIKWIYO

Akwai waɗansu cututtuka biyu da ke kashe 'yan kwikwiyo da yawa, ko da ya ke ba su kama mutum. Ɗaya likitoci na kiranta fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Kwikwiyo ya ƙi abinci, ya yi ta amai, sa'an nan zawo mai jini mai wari ƙwarai, cikin kwana kaɗan ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayarta ta kan zauna cikin ƙasa wata da watanni, don haka kada a kawo sabon kwikwiyo marar allura inda wani ya mutu da ita. Ta biyu ita ce distamfa, mai kawo kwantsa a ido, da majina, da tari, daga baya jiki ya riƙa karkarwa kamar farfaɗiya.

Allura guda ce ta haɗa rigakafin duka biyu da waɗansu. A kan fara ta kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai wata 4. Kyanwa ita ma tana da tata allura ta mura da zawo. Mafarautan da ke sayen kwikwiyo da tsada su ne ya kamata su fi kowa kula da wannan.

TSUTSAR CIKI

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsa a ke haihuwarsa, gama tun yana ciki ya ke samu daga uwa, ko kuwa ta wurin nono. Alamarta ita ce tumbi ya kumbura, haƙarƙari a waje, gashi ya yi cirko cirko, dasashi ya yi fari don ƙarancin jini. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya zauna cikin ƙasar tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. In yaro ya haɗiye shi ya kan yi masa lahani a hanta, wani lokaci har a ido.

A kan fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, ɗan kyanwa kuwa mako 3, a maimaita kowane mako 2 har ya kai wata 3, sa'an nan kowane wata har wata 6. Babba kuwa sau ɗaya cikin wata 3. Da nauyin dabba a ke auna magani, saboda haka a bar malamin dabbobi ya auna. Kowace safiya a kwashe kashin a binne.

Ga wata magana wadda ta shafi mahauta da makiyaya, da kowa ma ran Babbar Salla. In an yanka rago, ko sa, ko raƙumi, a kan tarar da hanta ko huhu da wani ƙululu mai ruwa a ciki. Abin da a ka saba, a yanke wurin a jefa wa kare. To, wannan ƙululu 'ya'yan wata ƙaramar tsila ne ke ciki. In kare ya ci, su girma cikin hanjinsa, shi kuwa ba ya nuna ciwo. Ƙwansu ya fita cikin kashinsa ya faɗa kan ciyawa, tumaki su ci, su ma su yi ƙululu. In mutum ya haɗiyi ƙwan, ta hannun da ya shafa kare bai wanke ba, ko ganyen da ba a wanke ba, shi ma ƙululun ya tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi ta girma shekara da shekaru, har a kai ga yi masa aiki a asibiti.

Akwai kuma 'yar'uwarta wadda ke zama cikin ƙwaƙwalwar tunkiya, ta sa ta riƙa kewayawa wuri ɗaya har ta faɗi. In an yanka irin wannan tunkiya aka jefa wa kare kan, an shuka cutar ke nan ga sauran garke. Maganin duka biyu mai sauƙi ne. Duk kayan cikin da ba a yarda da shi ba a ƙone, ko a binne da zurfi. Wanda za a ba kare a dafa shi sosai. A kuma nemi ƙwayar tsila musamman, gama ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba.

KASKA, ƘUMA DA ƘAZUWA

Kaskar kare ba a daji ta ke ba, cikin tsagar bango da ƙarƙashin tarkace ta ke ɓuya, guda ɗaya kuwa ta kan saki ƙwai dubbai. Bayan shan jini tana sa wa kare wata cuta mai kama da zazzaɓin sammore na shanu a wajen rama da kasala. Jiki ya yi zafi, dasashi ya yi fari, fitsari wani lokaci ya yi ja. A riƙa duba cikin kunne, da wuya, da tsakanin yatsu, musamman da damina. A kama kaska da matsefata dab da fata, a ja a hankali, a jefa cikin kananzir ko wuta. Kada a murtsuke ta da farce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kaska, don haka a yaɓe tsagogin da ke wurin kwanan kare.

Ƙazuwa ita ke zubar da gashi, fata ta yi kauri, kare ya yi ta susa har jini. Tana da magani a wurin likitan dabbobi, tana kuwa warkewa sarai. Baƙin mai na mota da waɗansu ke shafawa ƙona fata ya ke yi, in kare ya lasa kuma ya zama guba. Haka nan in an ga gashin kyanwa ya zube ya bar da'ira kamar kwabo, a raba ta da yara, don makero ne, yana kama su.

Da damina kuma a kan ga kwikwiyo da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Wani ƙuda ne ke saka ƙwai cikin rairayin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta huda fata ta zauna. A toshe ramin da basilin, bayan ɗan lokaci za ta leƙo don neman iska, a matse ta fita, a shafa aidin. A sake wa kwikwiyo wurin kwana busasshe.

Babban gargaɗi a nan shi ne, kada a yi wa kare ko kyanwa wanka da maganin feshin gona, ko fiya-fiya. Da yawa sun mutu ta haka, masu wankan ma sun jikkata. Maganin kaskar kare kuma kada a sa wa kyanwa, gama akwai mai sinadarin fametirin wanda kare ke ɗauka lafiya, amma yana kashe kyanwa. Haka farasitamol da mu ke sha, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta. Maganin mutum na mutum ne.

ABINCI DA RUWA

Karen da ba a ciyar da shi a gida dole ya tafi juji, can kuwa ya ke haɗuwa da cizo da cuta. Kare yana iya rayuwa da tuwo da sauran abincin gida, amma tuwo gaya ba ya gina jiki. A haɗa masa da ɗan kifi busasshe, ko dafaffen kayan ciki, ko wake da ya dahu lugub, ko ƙwai. Babban kare sau 2 a yini, kwikwiyo sau 3 ko 4. Karya mai shayarwa tana bukatar ninkin abin da ta saba ci, ko fiye. Abubuwan da za a kiyaye su ne albasa da tafarnuwa masu yawa, gama suna ɓata jinin kare da kyanwa, sai goro da cakulan, da ƙashin kaza dafaffe wanda ke tsagewa ya huda hanji.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke sanyaya jikinsa. Kare mai nauyin kilo 15 ya kan sha kusan lita guda a yini, da bazara kuwa fiye. A ajiye masa kasko nasa na kansa a inuwa, a riƙa sake ruwan kullum. Wanda ya ɗaure kare a rana cikin watan Afrilu ba ruwa ba inuwa ya ɗauki alhaki. Kullum ɗauri kuma yana sa kare mugun hali. A riƙa kwance shi ya motsa jiki.

KYANWA

Waɗansu na cewa in an ciyar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Farauta halinta ce, ƙosasshiya ta fi ƙarfin yi, ta fi kuma zama gida. Kyanwa dabbar nama ce, ba kamar kare ba. In tuwo kaɗai a ke ba ta, a kwana a tashi idonta da zuciyarta su kan lalace. Kan kifi da ɗan guntun nama kullum ya ishe ta. Madara ɗanya kuwa ta kan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo.

Aikinta ba ƙarami ba ne. Ban da ɓarnar hatsi, wani irin ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Kyanwa na rage ɓera, amma ba ta ɗauke wa mutum rufe abinci da toshe ramuka ba. Wanda ke da kyanwa kuma ya yi hankali da maganin ɓera, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya.

Abu guda a kiyaye. Kashin kyanwa ya kan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda ke lahani ga ɗan da ke ciki. Mace mai ciki kada ta kwashe shi, wani ya yi. In kuma kyanwa ta yi kashi cikin dusa ko harawa, tumaki da awaki masu ciki su ka ci, su kan yi ɓari. A zuba mata rairayi cikin tsohon kwano a gefe, a riƙa zubarwa kullum, a kuma rufe buhunan dusa.

YAWAN HAIHUWA

Karya da kyanwa duka wata 2 da 'yan kwanaki su ke ɗaukar ciki, wajen kwana 63. Kyanwa ta kan haihu sau 2 ko 3 a shekara. 'Ya'yan da aka rasa mai so a kan zubar a bayan gari, su ne ke zama karnukan da ba mai su, ba mai yi musu allura. Likitan dabbobi yana iya yi wa namiji fiɗiya, ya kuma yi wa mace aikin da zai tsai da haihuwa. Karen da aka yi wa ya kan rage yawo da faɗa, tsaron gida kuwa yana nan yadda ya ke. Amma aikin likita ne, ba na aska a tsakar gida ba.

ABIN TUNAWA

Lafiyayyen kare ko kyanwa idonsa garau ya ke, gashi na sheƙi, dasashi ja ja, yana cin abinci da marmari. In ya ƙi abinci kwana 2, ko amai da zawo sun ƙi tsayawa, ko an ga jini, ko halinsa ya sake farat ɗaya, a nemi malamin dabbobi tun da wuri.

Allurar hauka sau ɗaya a shekara. Maganin tsutsa sau 4 a shekara. Duban kaska kowane mako. Abinci, da ruwa, da inuwa, da kwashe kashi kullum. A koya wa yara kada su tsokani kare yana ci, ko yana barci, ko karya na tare da 'ya'yanta, su wanke hannu bayan sun taɓa dabba, in kuwa an cije su ko an yaƙushe su, su faɗa nan da nan, ba wanda zai doke su.

Akawu da malaman makaranta da ke karanta wannan jarida, muna roƙonku ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali da bakin kasuwa. Kuɗin allurar kare guda bai kai kusa da abin da a ke kashewa wajen jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba, balle ran yaro da ba shi da fansa. Allah ya kiyashe mu, ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.